Kirifto ko Tsohuwar Hanya: Nazari a Kan Aiken Kuɗi Tsakanin Ƙasashe

Gabatarwa

Tun da farko ya kamata in faɗi cewa ni ba ɗalibin tattalin arziki ba ne. Hausa nake karantawa, ita ma a bakin maƙwabta na fara tsintar ta, a unguwar Sabo ta Ibadan, kafin in zo in same ta a aji. Abin da ya kai ni ga wannan batu shi ne kuɗin makaranta. Yayana ne yake biya mini, shi kuwa a Ingila yake aiki, saboda haka duk kwabon da zan kai wa jami'a sai ya tsallako teku tukuna. Wata rana ya kira ni ya ce abokansa sun daina bin kamfanonin aika kuɗi, sun koma kirifto, wai ya fi sauri kuma ya fi araha. Muka gwada. Wannan 'yar maƙala za ta yi tsokaci a kan yadda hanyoyin biyu suke aiki, da inda kowace take cin kuɗin mutum, da kuma abin da na gani da idona.

Me ake nufi da kirifto?

Wasu suna kiran sa kuɗin intanet. Ni dai sunan bai gamsar da ni ba, domin nairar da ke cikin manhajar banki ita ma ta intanet take tafiya. Na zaɓi kalmar kirifto saboda ita ce a bakin masu harkar. Kirifto kuɗi ne da ba gwamnati ce ta buga shi ba, ba kuma banki ne yake riƙe da lissafinsa ba. Lissafin yana cikin wani kundi da dubban kwamfutoci a faɗin duniya suke riƙe da kwafinsa, kuma abin da aka rubuta a ciki ba ya goguwa. Na farkonsu shi ne Bitcoin, wanda wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da bayaninsa a shekarar 2008, ya fara aiki a watan Janairun 2009.

Sai dai Bitcoin bai dace da ɗan aike ba, domin farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. A watan Nuwamban 2021 guda ɗaya ya kai kusan dala 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da dala 16,000. Wanda aka aiko wa kuɗin haya ba zai iya wannan caca ba. Shi ya sa masu aike suka fi amfani da wani nau'in da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, guda ɗaya a bakin dala ɗaya. Wanda ya fi yawo a hannun 'yan Nijeriya shi ne USDT na kamfanin Tether.

Tsofaffin hanyoyi

Kamfanin Western Union da wayar tangaraho ya fara a ƙarni na 19, ya shiga aika kuɗi a shekarar 1871. Tsarin bai canza sosai ba: mai aike ya biya a can, a ba shi lamba mai alƙaluma goma, mai karɓa ya je da lambar da katin shaida ya karɓa a nan. Bankuna kuma suna da tasu hanyar, wato SWIFT, wadda aka kafa a Beljiyam a 1973. Abin lura shi ne SWIFT saƙo kawai take ɗauka, ba kuɗi ba. Idan bankin mai aike ba shi da hulɗa kai tsaye da na mai karɓa, sai an bi ta wani banki a tsakiya, shi ma ya yanki nasa. Wannan ne yake sa kuɗi su kwana biyu ko uku a hanya, su iso da giɓi.

A nan ne darasi na farko yake. Ladan aike kashi biyu ne. Akwai na fili, wanda ake rubuta wa mutum a rasit, akwai kuma na ɓoye, wanda yake cikin farashin canji. Kamfani yana iya cewa aike kyauta ne, amma ya canza maka fam ɗinka a ƙasa da farashin kasuwa. Bankin Duniya, wanda yake bin diddigin wannan, yana haɗa duka biyun ne. A lissafinsa na shekarar 2023, aika dala 200 yana cin sama da kashi 6 cikin ɗari a matsakaicin duniya, zuwa Afirka kudu da Sahara kuwa kusan kashi 8. Ke nan wajen dala 16 suna zubewa a hanya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a sauko da wannan ƙasa da kashi 3 nan da shekarar 2030. Idan aka tuna cewa a 2023 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko gida kimanin dala biliyan 19.5, za a ga cewa ba ƙaramin kuɗi ake magana a kai ba.

Bari in ɗan ratse. Aika kuɗi ba tare da kuɗin sun motsa ba, ba Turawa kaɗai suka san shi ba. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara da maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya tsaya masa, a ba da kaya bashi saboda mutuncinsa. Har gobe akwai 'yan canjin da za ka ba su naira a nan, su buga waya, wani ya miƙa wa ɗan'uwanka sefa a Maraɗi ko riyal a Makka. Jarin wannan tsari amana ne da kunya, domin an san gidan kowa. Na kawo wannan ne saboda za mu sake komawa kansa.

Yadda kirifto yake tafiya

Aiken kirifto zango uku ne, masu tallarsa kuwa na tsakiya kawai suke faɗa. Zangon farko, yayana zai sayi USDT da fam a wani dandalin ciniki. Akwai lada a nan, kuma wasu bankunan Ingila suna ƙayyade abin da mutum zai tura wa irin waɗannan dandali. Zango na biyu, zai turo su zuwa walat ɗina. Wannan kam babu ja: cikin 'yan mintoci sun iso, ko da tsakar daren Lahadi ne, kuma ladan bai wuce 'yan daloli kaɗan ba, ko dala 200 aka turo ko 20,000. Zango na uku shi ne mayar da su naira, domin ofishin kuɗi na jami'a bai san USDT ba, mai tuwo ma haka. A nan sai in nemi wanda zai saya a kasuwar mutum-da-mutum. Dandali ya riƙe kirifton, mai saye ya turo naira asusuna, in tabbatar sun shigo, sannan a sakar masa.

Duk wanda zai kwatanta hanyoyin biyu, to ya haɗa ladan zangunan nan uku, kada ya tsaya a na tsakiya.

Me ya sa 'yan Nijeriya suka yi tururuwa?

Kamfanin Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, bayan Indiya. A ganina babban dalilin ba ƙaunar fasaha ba ce, farashin dala ne. Kafin watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa wajen 750. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: dala 200 a farashin farko naira 92,000 ne, a na biyu 150,000. Bambancin naira 58,000 ya shafe duk wata maganar lada. Gaskiya ne daga ƙarshen 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarni a riƙa biyan mai karɓa da dala, ya kai wa 'yan canji da kansa, har a 2021 aka riƙa ƙara masa naira 5 a kan kowace dala. Amma wannan sai an je banki an bi layi, kirifto kuwa yana ba mutum farashin bayan fage yana kwance a ɗakinsa.

To, amma al'amura sun juya. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira, daga baya tazarar farashin biyu ta tsuke ƙwarai. A watan Janairun 2024 Babban Banki ya mayar da biyan kuɗin aike zuwa naira. Ga kuma sababbin manhajojin aike da suke tura kuɗi kai tsaye cikin asusun banki a 'yan mintoci, da ɗan ƙaramin lada. Saboda haka rabin ribar da ake danganta wa kirifto, riba ce ta wani zamani da ya wuce.

Abin da ya same ni

Sau uku muka yi lafiya lau. A karo na huɗu, saura kwana goma a rufe rajista, na sayar wa wani da ban taɓa gani ba, sunan dandali kawai na sani. Naira ta shigo, na sakar masa. Bayan kwana biyu na je biyan kuɗin makaranta, sai asusu ya ƙi motsi. A banki aka ce mini kuɗin da aka turo mini sun fito ne daga asusun wata mata da aka damfara, ta kai ƙara, an ɗaure duk asusun da kuɗinta suka ratsa. Ashe ɓarawon da ni ya wanke kuɗinsa: ya ba ni nairar sata, ya tafi da dala mai tsabta.

Na yi mako uku ina zarya, ina kai hotunan ciniki da takardar rantsuwa daga kotu. Rajista ta rufe, sai da na biya tarar makara, ita ma mahaifiyata ce ta ranto daga adashinsu. Abin da muka tsira da shi a aike huɗu bai kai rabin tarar ba. Garin neman ƙiba na samo rama.

A nan na tuna da maigidan Sabo. Da ɗan canjinsa ne ya ba ni kuɗin sata, da na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa, da kuma wanda zai ji kunya. Da kamfanin aike ne, akwai rasit, akwai lasisi, akwai hukumar da za a kai ƙara. An gina kirifto ne don a yi ciniki ba tare da an yarda da kowa ba, kuma a zangon tsakiya ya cika alkawari. Amma a zango na uku dole ka yarda da wani, wanin kuwa ba shi da fuska.

Akwai wasu haɗurran da ban faɗa cikinsu ba, amma suna nan. Idan aka yi kuskuren adireshin walat, ko aka tura ta hanyar da walat ɗin ba ta karɓa, sau da yawa bakin alƙalami ya bushe, babu wanda zai dawo da su. Wanda aka ɗaure da dala ma yana iya tsinkewa: TerraUSD ya rushe a watan Mayun 2022, dandalin FTX ya bi shi a Nuwamban shekarar da kuɗin jama'a a ciki. Ga kuma 'yan damfara masu fakewa da sunan kirifto. Mutanen Ibadan ba za su manta da CBEX ba, wanda ya rufe a watan Afrilun 2025, har fusatattu suka far wa ofishinsa a Oke-Ado. Wannan ba aike ba ne, dala-ninki ce irin ta MMM, amma kwaɗayi ɗaya ne yake kai mutane.

Doka ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A watan Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, a Disamban 2023 ya janye. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, kamfanin ya daina cinikin naira a watan Maris. A 2025 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari.

Ƙasar Elsalbado ta yi gwajin da ya fi namu girma. A watan Satumban 2021 ta mayar da Bitcoin kuɗin ƙasa, ɗaya daga cikin hujjojinta kuwa shi ne rage ladan aike, domin kuɗin da 'yan ƙasar suke turowa daga waje sun haura kashi ɗaya bisa biyar na tattalin arzikinta. Duk da haka, abin da ya riƙa shigowa ta walat ɗin kirifto bai kai kashi 2 cikin ɗari ba a 2023. A farkon 2025 aka gyara dokar, karɓar Bitcoin ya daina zama dole.

Inda kirifto ya fi

Kada a ce na yi masa rashin adalci. Duk bayanin da na yi na kuɗin da ke shigowa ne. Fitar da kuɗi daga Nijeriya wani labari ne daban. Ƙa'idojin 2024 sun taƙaita kamfanonin aike ga shigo da kuɗi kawai. Bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje a 2022, sai a 2025 suka fara dawo da shi. A wancan tsakanin, ɗan kasuwar Alaba da zai biya mai kaya a Sin, ko matashin da yake yi wa kamfanin waje aikin kwamfuta daga ɗakinsa, kirifto ya zame musu gada a inda babu gada. Su kuɗinsu masu yawa ne, ladan da ba ya ƙaruwa da yawan kuɗi ya yi musu rana, kuma yawancinsu suna da dillali ɗaya da suka sani ido da ido. Wato sun dawo da maigida ta bayan gida.

Mu dai a gidanmu mun koma manhajar aike mai lasisi. Kafin yayana ya tura, yakan buɗe biyu ko uku ya duba abu ɗaya tak: idan ya ba da fam 100, naira nawa za su shiga asusun Mama. Wadda ta fi, ita yake bi a ranar.

Saura wani aiki da yake namu ne, mu 'yan sashen Hausa. A duk tsawon rubutun nan na yi ta kewaye-kewaye da "wanda aka ɗaure da dala", domin ban sami kalma guda da za ta ɗauke shi ba. Na yi tunanin "turkakken kuɗi", daga turke, amma wani abokina Bakano ya yi dariya ya ce sai ka ce akuya. Wanda yake da wadda ta fi, ya miƙa wa edita kafin fitowa ta gaba.