Kumburi Iri Iri a Bakin Bature

'Yan'uwa, mu Hausawa kalma guda muke ɗora wa kaya da yawa. Ƙafa ta kumbura, ciki ya kumbura, mai fushi ma ya kumbura. Turanci kuwa kowane kumburi da sunansa, wanda ya gauraya su ya ɓad da mai saurarensa.

Uwarsu ita ce swell. Abin da ya wuce swelled, wanda ya riga ya kumbura swollen, kumburin kansa swelling. Da shi ake faɗin ƙafar da kurkunu ya kama, cutar nan da aka tabbatar ta ƙare a Nijeriya cikin 2013. Da shi kuma ake faɗin ruwa. In gulbin Sakkwato ya kawo da damina, ya cika ya batse daga Gusau har Bunguɗu, sai a ce the river is swollen.

Na biyu puff up, watau cika da iska, irin ta kwaɗo. Macijiyar nan kasa puff adder ake ce mata, don in an taɓa ta sai ta hura jikinta tana huci.

Na uku inflate, hura iska da gangan, kamar yadda ake yi wa tayar keke. Daga nan inflation ya fito, watau tsadar kaya, sa'ad da kuɗin da ke sayen kwano biyu na gero a kasuwar Tsafe ya koma ba ya sayen ɗaya.

Na huɗu bloat, kumburin cikin dabba, kamar saniyar da ta cika ciki da ɗanyen ganyen wake. Makiyayi bai tsaya jinkiri da wannan, don iskar takan toshe numfashi ta kashe.

To, ga inda rami yake. Mukan ce yaro ya kumbura fuska, muna nufin fushi. Malamin da ya rubuta his face is swollen, likita zai ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, a ba mai fushi magani. Sulking ya kamata ya rubuta. Haka kuma swollen head ba ciwo ba ne, girman kai ne, puffed up ma haka.

Saboda haka kafin ka ɗora alƙalami, tambayi kanka: cuta ce, ko iska, ko ruwa, ko hali? Kowa ya kawo misali ɗai-ɗai na huɗun nan, mu duba tare a aji.