Yadda ake wanke famfon feshi ba a ɓata rijiyar gida ba

A ƙasar Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, feshi ya zama sana'a. Samari ke goya famfo ana biyansu, maganin ciyawa kuwa ya karɓe rabin aikin fartanya. Wanda ya daɗe a cikinsu ya san sai an tashi aiki ake gane gwani, wajen wanki.

Haɗin magani dai a gona ake yinsa, aƙalla mita 30 daga rijiya ko bakin rafi. Ruwan haɗi a jarka daban ake zuwa da shi. Gugar gida ba ta kusantar bakin famfo.

Inda aikin yake shi ne robar magani idan ta ƙare. Ka kife ta a bakin tankin famfo ta tsiyaye kamar rabin minti. Sai ka zuba ruwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Sabon shiga kan cika ta taf yana ganin ya fi tsafta, alhali cikakkiyar roba ruwa ba ya samun wurin motsi a cikinta. Ka rufe da kyau, ka jijjiga ta ko'ina, sama da ƙasa, har ruwan ya shiga cikin mariƙin, don nan magani mai kauri ke maƙalewa. Ka juye a tanki, kada ya taɓa ƙasa. Sau uku ake yi, kowanne da sabon ruwa. Ɗaurayar nan da ta tankin kansa a kan gonar da aka fesa ake ƙarar da su, a warwatse. Wanda ya tuntsurar da su a kwata ya aika su rijiyar wani.

Sannan ka huda gindin robar. Nan ake samun gardama, don roba ce mai ƙwari, kowa na sonta ya yi buta ko ya zuba man gyaɗa. Amma jikinta ya riga ya sha magani, omo ba ya fitar da shi.

Dattawan sana'ar sun fi tsananta wannan idan da mai juna biyu a gida, kuma suna da gaskiya. Wasu magungunan ƙwari na ratsawa ta cibiya su kai ga ɗan tayi, ga shi a watanni ukun farko ne sassan jikinsa ke haɗuwa. In magani ya shiga rijiya, tafasa ruwa da sinadarin kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire maganin feshi. Illar irin waɗannan magunguna ga mutum ce ta sa hukumar NAFDAC ta haramta paraquat da chlorpyrifos da atrazine, ko da yake tsofaffin robobi ba su ƙare a hannun mutane ba.

Kayan aiki mai feshi ke wanke abinsa, a bokitin da aka ware, mai ciki ba ta taɓa su. Rijiya a ɗaga mata baki a yi mata murfi, don ruwan sama na farko bayan feshi kan kwaso abin da ke gona. In ana zargin rijiyar ta gurɓata, mai ciki ta koma shan ruwan burtsatse mai zurfi, ta kuma faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo, har da sunan maganin da ke jikin robar.