Kirki da 'Yan'uwansa: Ladabi, Kunya da Mutunci

Kowace rana mu kan ji ana cewa, wane mutumin kirki ne, wance ba ta da kunya, an ci mutuncin wane. Kalmomin nan suna bakinmu tun muna yara, amma ba safai mu kan tsaya mu rarrabe su ba. A shekara ta 1974 wani Bature, Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya buga ɗan littafi a kan mutumin kirki a wurin Hausawa. Ya lissafta halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A darasin wannan wata za mu fara da kirki kansa, sa'an nan mu ɗauki uku daga cikin goman.

1. Kirki

Ba ga mutum kaɗai mu ke faɗin kirki ba. Manomi ya kan ce ba a yi ruwan kirki ba tukuna, watau an yi yayyafi, amma ƙasa ba ta jiƙu har a yi shuka ba. Ruwan kirki shi ne wanda ya shiga ƙasa. Haka mutumin kirki ya ke. Alherinsa ya kan kai ga maƙwabcinsa, ko ana kallo ko ba a kallo. Sauran halayen rassa ne, kirki shi ne saiwa.

2. Ladabi

Ladabi shi ne abin da ido ke gani: durƙusawa a gai da manya, tuɓe takalmi a bakin ƙofa, karɓar abu da hannun dama. Ya kamata mu koya wa 'ya'yanmu. Amma ana iya aron ladabi kamar riga. A 2 Sama'ila sura 15, Absalom ya riƙa tashi da sassafe ya tsaya a hanyar ƙofar birni, yana rungumar talakawa da daɗin baki, alhali kuwa sarautar ubansa Dawuda ya ke nema ya ƙwace. Wannan ladabin ganin ido ne.

3. Kunya

Kunya ce ta kan hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana mutum cin abinci a gaban surukinsa. Ita ce kuma ta kan riƙe hannu daga sata, ta riƙe baki daga zagi. Wannan kunya shinge ce mai kyau. Amma akwai wata iri da ke kai mutum ga halaka. Don kada a ce ya kasa, maigida ya kan ci bashin da ya fi ƙarfinsa saboda biki, har ya sayar da hatsin rumbunsa kafin damina. Don kunya kuma wani ya kan ga ana zaluntar maraya, ya yi shiru. Ma'aunin ke nan: idan kunya ta hana mu mugunta, mu riƙe ta, idan ta hana mu gaskiya, tsoron mutane ne kawai.

4. Mutunci

Kalmar nan daga mutum ta fito. Mutunci shi ne darajar da ɗan Adam ya ke da ita domin shi mutum ne, halittar Allah cikin kamanninsa. Sarki yana da shi, mai bara ma yana da shi. Ku lura da yadda mu ke faɗi: a kan ci mutunci, a kan zubar da shi, a kan kuma tsare shi. Magabata sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Ku karanta Littafin Rut sura 2. Rut baƙuwa ce daga Mowab, mijinta ya rasu, ta fita yin kala a gonar Bo'aza domin ta ciyar da surukarta Na'omi. Shari'ar Musa ta riga ta ba matalauta da baƙi iznin kala, saboda haka da Bo'aza ya bar ta kawai, da ya cika doka. Amma ya wuce nan. Ya kwaɓi samarinsa kada su taɓa ta, kada su kunyata ta. Ya kira ta ta ci abinci tare da masu girbi. Sa'an nan ya umarce su su riƙa zare zangarku daga dammuna da gangan suna yarwa a gabanta. Da maraice Rut ta koma gida da sha'ir mai yawa, abin da ta tsinta da hannunta, ba sadakar da aka miƙa mata a gaban jama'a ba. Bo'aza ya cika mata ciki, bai kuwa taɓa mutuncinta ba. Wannan shi ne kirki.

'Yan'uwa, a nan ne mu kan yi tuntuɓe. Mu kan taimaki gwauruwa, sa'an nan mu kira sunanta a sujada kowa ya ji. Mu kan ba ɗan'uwa rance, gobe labarin yana kasuwa. Wani ya yi laifi, mu tsawata masa a tsakiyar taro, ko da ya ke Matiyu sura 18 ta koya mana mu fara zuwa wurinsa mu biyu kaɗai. Da yawa sun daina zuwa majami'a saboda irin wannan. Hatsin da muka ba su ya ƙare tuni, amma kunyar tana nan. Bari mu koyi bayarwa irin ta Bo'aza, da gyara cikin rufin asiri.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ladabi da kirki?
2. Yaushe kunya ta kan zama tarko?
3. Don me Bo'aza bai auna wa Rut hatsi a gaban masu girbi ba?
4. Yaya ikkilisiyarmu za ta taimaki matalauta ba tare da cin mutuncinsu ba?