Yadda Ake Horon Kare

Kare dabba ne mai amfani ƙwarai. A ƙasar Hausa 'yan farauta sukan fita da shi daji da rani, ya kamo musu zomo ko gada. Makiyaya kuwa sukan ajiye shi don gadin garke da dare. Amma ba a haifar kare da sanin aiki, sai an hore shi. Tun yana ɗan kwikwiyo ake farawa, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da abu biyu ake horon kare, watau lada da tsawa. Lada shi ne ɗan abin da ake ba shi in ya yi daidai, kamar tsokar nama, ko ƙanzo, ko a yaba masa da murya mai taushi. Tsawa kuwa ita ce a ce masa "Kai!" ko "Bari!" da kakkausar murya in ya yi kuskure.

Wani masani mutumin Rasha, mai suna Ivan Pavlov, wanda ya rasu a 1936, ya daɗe yana binciken halin karnuka. Yakan sa a yi wata ƙara, sa'an nan a ba kare abinci nan take. Da aka yi ta yin haka, sai ya zama ko ƙarar kaɗai kare ya ji, miyau ya zubo masa. Wannan ya nuna kare yana haɗa abu biyu a ransa in sun zo a jere. Saboda haka, lada ko tsawa, lalle ne su zo a lokacin da ya yi abin. In ya kama kazar maƙwabta da hantsi, aka yi masa faɗa da magariba, ba zai san laifinsa ba.

Ga wani misali. Yaro ya kira karensa, kare ya yi nawa, da ya iso sai yaro ya zabga masa sanda. Me kare ya koya? Ya koyi cewa zuwa wurin ubangidansa shi ke jawo duka. Gobe in an kira shi, sai ya naɗe wutsiya ya gudu. Da yaron ya yaba masa sa'ad da ya iso, da gobe ya zo da sauri.

Don haka gwanayen horo sukan yawaita lada, su taƙaita tsawa. Tsawa hana kare kurum take yi, ba ta nuna masa abin da ake so. In an hana shi bin kaji, sai a kira shi ya zo ya kwanta, a ba shi ladansa. Duka kuwa ba ya cikin horo, gama karen da ya sha bulala yakan zama matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai saurin cizo. Wanda ya yi haƙuri da karensa, ran farauta zai ga amfaninsa.

Tambayoyi

1. Da waɗanne abubuwa biyu ake horon kare?
2. Me Pavlov ya gano?
3. Don me ba a dukan kare?