Darasin Kasuwanci: Wa Ke Cin Ribar Jirgin Ruwan Alfarma?

A gaɓar tekun Bahar Rum, musamman a Monako da garin Antib na ƙasar Faransa, akwai kamfanonin da ba su mallaki jirgi ko ɗaya ba, amma da jiragen ruwan shaƙatawa na attajirai suke ci suke sha. Wasunsu sun daɗe ƙwarai; Camper & Nicholsons, alal misali, asalinsa tun 1782 ne a Ingila. Aikinsu uku ne, watau kula da jirgi, dillanci, da ba da shata.

Dillancin bai bambanta da wanda muka sani a cinikin gida ko mota ba, sai dai a tsari. Mai saye kan ajiye kashi 10 cikin ɗari na kuɗin a hannun dillali, sannan a gwada jirgin a teku, a kuma ɗauko ƙwararre ya bincika shi ciki da waje. In ciniki ya faɗa, mai sayarwa ne ke biyan la'ada, wadda kan kai kashi 10 cikin ɗari, ko da yake takan ragu idan jirgin mai tsada ne sosai. La'ada ce mai tsoka, amma jirgi kan shekara a kasuwa ba a taya ba.

Kula da jirgi kuwa ba ya yankewa, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan sana'ar. Ruwan gishiri na cin ƙarfe, gansakuka da ƙananan halittun ruwa na manne wa gindin jirgi, don haka tilas a riƙa fitar da shi tudu ana kankarewa ana sake fenti. Ga albashin kyaftin da ma'aikata, ga inshora, ga kuɗin wurin ajiya a tasha. Ƙiyasin da 'yan sana'ar suka saba yi shi ne, ɗawainiyar shekara takan cinye kimanin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da aka sayi jirgin, ko ya motsa ko bai motsa ba. Gwamnatin Amurka ta ɗanɗana wannan bayan da ta sa aka kama jirgin Amadea a Fiji cikin 2022, sakamakon takunkumin da aka sa wa attajiran Rasha. A 2024 ta shaida wa kotu cewa tana kashe kimanin dala dubu 600 kowane wata wajen kula da shi, alhali yana ɗaure a tasha.

To, wannan nauyi ne ke tura masu jirage ga shata. A ɗauka mutum ya sayi jirgi na yuro miliyan 10. Ɗawainiyarsa miliyan ɗaya ke nan a shekara. Idan aka yi shatarsa mako takwas a kan yuro dubu 100 kowane mako, an samu dubu 800. Dillalai kan ɗebe wajen kashi 20 cikin ɗari, saura dubu 640. Har yanzu da giɓin dubu 360, ba a ma yi maganar faɗuwar darajar jirgin ba. Kuɗin mai da abinci kam ba su shiga wannan lissafi, domin mai shata ne ke biyansu daban, inda yakan ajiye kimanin kashi 30 cikin ɗari tun kafin a tashi.

Makonnin ma ba su da yawa. Kakar Bahar Rum 'yan watannin bazarar Turai ce kawai, shi ya sa manyan jirage ke tsallaka tekun Atilantika zuwa Karibiyan a lokacin hunturu don neman kaka ta biyu. Tsallakawar kanta kuɗi ce daga aljihun mai jirgi.

Shi kuwa kamfanin, ya karɓi la'ada ranar saye, yana karɓar kuɗin kula kowane wata, yana da kaso a kowace shata, kuma ranar da mai jirgi ya gaji ya ce a sayar, galibi wurinsa zai koma.