Kaboyin Amurka da na Italiya: Wanne Ya Fi?

Tambaya: Ni mai son finafinan kaboyi ne, kuma a wurin mahaifina na gaji wannan son. Sai dai kullum cikin musu muke da shi. Shi ya ce daga John Wayne an rufe ƙofa, ni kuma nakan ce Clint Eastwood ya fi, domin finafinansa sun fi zafi da daɗin kiɗa. Wani abokina ma cewa ya yi wai ba Amurkawa suka yi na Eastwood ɗin ba. Da gaske ne? In kuma za a auna, wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Abokinka ya yi gaskiya. Finafinai ukun da suka fito da sunan Eastwood, wato A Fistful of Dollars na 1964, da For a Few Dollars More na 1965, da The Good, the Bad and the Ugly na 1966, duk wani darakta mutumin Italiya ne ya yi su, Sergio Leone. Galibin dajin da kake gani a ciki ma ba Amurka ba ne, ƙasar Sifen ce, musamman busasshen yankin Almeria. Kowane ɗan wasa da harshensa yake magana a wurin ɗauka, daga baya ake ɗora muryoyi, shi ya sa in ka lura za ka ga bakin wasu bai tafiya daidai da maganarsu. Kafin nan Eastwood ɗan wasan talabijin ne a wani shiri mai suna Rawhide. Sai bayan ya yi suna a Turai ya koma gida ya zama babban jarumi.

Kafin a auna, yana da kyau a san abin da finafinan ke magana a kai. Zamanin kaboyi na gaskiya gajere ne. Bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka a 1865, makiyaya suka riƙa kora garkunan shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa a Kansas, irin su Abilene da Dodge City. Cikin shekara ashirin da 'yan kai harkar ta mutu, saboda layin dogo ya iso kusa, kuma masu gonaki sun kewaye filaye da waya mai ƙaya. Wannan ɗan taƙin lokaci ne Amurkawa suka mayar da shi labarin asalinsu.

Darakta John Ford ne ya fi kowa gina wannan labari, kuma shi ya ɗaga John Wayne da fim ɗin Stagecoach a 1939. Mutum tara ne a keken doki guda suna ratsa daji mai haɗari: akwai likita mashayi, da matar soja mai juna biyu, da ma'aikacin banki da ya sato kuɗi, da matar da aka kora daga gari saboda halinta, da Wayne a matsayin wanda ya tsere daga kurkuku. Kafin a isa, waɗanda gari ya raina su ne suka nuna mutunci, mai babbar riga kuma ya kunyata. A nan za ka gane abin da ya dami Ford. Harbi ba shi ne a gabansa ba. Tambayarsa ita ce: ta yaya mutane ke zama jama'a, kuma wa ake bari a waje in an gama ginin garin?

Inda ya kai wannan tambaya ƙarshe shi ne The Searchers na 1956, kuma a ganina nan ne Wayne ya yi wasan da bai taɓa yin kamarsa ba. Ya fito a matsayin Ethan Edwards, tsohon soja da 'yan ƙabilar Comanche suka kashe wa ɗan'uwa da iyalinsa, suka tafi da ƙaramar 'yarsu Debbie. Shekara biyar yana bin sawunta. Da farko mai kallo na tare da shi, sai a hankali ya gano cewa mutumin nan ba ceto yake nufi ba. Tunda yarinyar ta girma a hannunsu har ta zama matar shugabansu, a wurinsa ta gurɓace, kuma niyyarsa ya kashe ta. Jarumi ke nan da ƙiyayya ta cinye wa zuciya, har gawar abokin gaba ba ya ƙyalewa. Da ya kama ta a ƙarshe sai ya ɗaga ta sama kamar yadda ya yi tana ƙarama, ya mai da ita gida. Kowa ya shiga ɗaki, shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya nufi daji. Ya dawo da yarinyar, amma irinsa ba shi da wurin zama a cikin gidan da ake zaman lafiya. Duk wanda ya ce finafinan Wayne ba su da zurfi, bai kalli wannan ba.

Ko a tsakanin Amurkawan ma ba baki ɗaya suke ba. A High Noon na 1952, Gary Cooper ne shugaban 'yan dokar gari, ranar ɗaurin aurensa ya ji cewa wani ɗan ta'adda da ya taɓa ɗaurewa zai sauka a jirgin ƙarfe goma sha biyu na rana. Ya bi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya yana neman taimako, har coci ya shiga, kowa ya kawo uzuri. Fim ɗin minti 85 ne, kuma lokacin labarin kusan daidai yake tafiya da agogon mai kallo. Wayne da darakta Howard Hawks ba su so shi ba sam, a ganinsu ɗan doka na ƙwarai ba ya yawon roƙo. Sai suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959, inda ɗan dokan ke ƙin karɓar taimakon waɗanda ba su iya faɗa ba. Ni dai na fi karkata ga High Noon, domin tsoron da ke fuskar Cooper da zamewar mutanen gari sun fi kama da abin da muka sani game da ɗan Adam.

To, sai Leone ya zo ya juya tabarmar. A finafinansa uku da Eastwood babu garin da ake ginawa, babu makaranta ko coci da ake karewa. Jaruminsa bai da dangi, bai da tarihi, magana ma da ƙyar, kuma kuɗi yake nema. A fim ɗin 1966, mutum uku ne ke farautar zinariya ta dala 200,000 da aka binne a makabarta, yaƙin basasa na ci a gefensu ba ruwansu da wanda ya yi nasara. Labarin fim ɗinsa na 1964 ma daga Yojimbo na Akira Kurosawa, mutumin Japan, ya ɗauko shi ba izini, har aka kai ƙara aka sasanta.

Gwanintar Leone a ido da kunne take. Yakan nuna maka fili fetal, nan take kuma ya matso da kyamara dab da idon mutum har ka ga zufa da ƙura. Ya san jira ya fi harbi tayar da hankali: a ƙarshen fim ɗin 1966, mutum ukun nan suna tsaye a da'ira a tsakiyar makabarta mintoci da dama ba mai cewa uffan, ido da yatsa kawai ake nunawa, harbin kansa kuwa ƙiftawar ido ne. Kiɗan da kake yabo aikin Ennio Morricone ne, wanda suka yi makarantar firamare tare da Leone. Ya riƙa sa fito da ƙarar bulala da kururuwar mutane cikin kiɗan kaboyi. A Once Upon a Time in the West na 1968, sama da minti goma na farko 'yan bindiga uku ne kawai ke jiran jirgi a tasha, sai ɗigar ruwa da kukan ƙuda da ƙarar fanka mai ɗebo ruwa. A nan ne kuma ya ɗauki Henry Fonda, wanda Amurkawa suka saba gani a mutumin kirki, ya mai da shi bos mai harbe ƙaramin yaro. In ka tuna yadda Gabbar Singh ya hallaka iyalin Thakur a fim ɗin Indiya Sholay na 1975, ka koma ka dubi wannan wuri, za ka ga inda aka sha ruwa.

Akwai abin da ya wajaba mai kallo ya riƙe a ransa, musamman game da na Amurka. Waɗanda ake nunawa suna kururuwa bisa dawaki suna kai hari su ne ainihin masu ƙasar, su aka ƙwace wa filaye aka tsugunar a keɓaɓɓun wurare. A Stagecoach kusan ba su da magana, abin harbi ne kawai. Ko a The Searchers, Bature ne aka shafa wa launi ya fito a shugaban Comanche. Haka kuma makiyayan gaskiya da yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, amma finafinan suka share su kusan gaba ɗaya. Ford da kansa ya yi ƙoƙarin gyara a ƙarshen rayuwarsa, da Sergeant Rutledge na 1960 inda baƙar fata Woody Strode ya riƙe babban matsayi, da Cheyenne Autumn na 1964. Wannan ba ya hana jin daɗin kallo, amma kada a ɗauke su littafin tarihi.

Hukuncina shi ne: wajen sarrafa hoto da sauti da riƙe numfashin mai kallo, Leone ya fi, kuma kana da hujja. Wajen nauyin labari da sanin zuciyar mutum, Ford ya fi, kuma a nan ne na fi ba da ƙarfi. Tsakanin jaruman biyu, babu wani wasa na Eastwood a hannun Leone da ya kai na Wayne a The Searchers. Eastwood bai kai wannan matsayi ba sai a Unforgiven na 1992, wanda shi ya ba da umarni, ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, ya kuma sadaukar da shi ga Leone da Don Siegel, malamansa biyu. Ka fara da The Searchers, ka bi da Once Upon a Time in the West, sannan ka rufe da Unforgiven, in ka gama ka rubuto mana abin da ka gani.