Ku Saurari Motarku Kafin Ta Tsaya a Hanya

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da dama na Gaya da Ajingi, mota ɗaya ce ke yi wa gari duka hidima. Ita ke kai buhunan gero da wake kasuwar Wudil ranar Juma'a, ita kuma ake nema da tsakar dare in haihuwa ta zo wa mace da gardama. In ta lalace, ba mai ita kaɗai abin ya shafa ba. Darasin nan na direbobi ne, da ƙungiyoyin da suka haɗa kuɗi suka sayi mota.

Da farko a gano inda ƙarar take. A tsayar da mota, a cire giya, a ja birkin hannu, a taka totur a hankali. In ƙarar tana ƙaruwa tare da injin, matsalar tana cikin bonet. In kuwa ba a jin ta sai mota na tafiya, a duba taya, boris da ƙarƙashin mota.

Ƙarar da ke kamar kukan tsuntsu da safe, yawanci fanbel ne ya saki ko ya tsufa, gyaransa ba tsada. Ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa daga saman injin kuwa, a fara duba baƙin mai. Wadda ba a wasa da ita ita ce bugu mai nauyi daga ƙasan injin, kamar ana daka a turmi, musamman in jar fitilar mai ta kama. A kashe mota nan take. Kada a ce bari dai mu ƙarasa Gaya. Ƙarasawar nan ce ke sa injin ya buga, daga nan kuma sai Ƙofar Ruwa a Kano neman wani injin, da kuɗin da ya fi ƙarfin ƙungiya.

Makanikai suna da wata dabara. Sukan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin injin, su kara kunne a mariƙinsa, su yi ta matsawa har inda ƙarar ta fi ƙarfi. Kowa zai iya gwadawa, amma a naɗe hannun riga, a nisanci fanka da fanbel. Mai babbar riga ya tuɓe ta tukuna.

Jijjiga ma tana da nata bayani. In mota na rawa a tsaye, ko fulogi ɗaya ya daina ci, ko robar da injin ke zaune a kanta ta tsage. In sitiyari ne ke rawa da an kama gudu a kwalta, a duba taya. Da damina, laka da ta bushe a cikin wili kaɗai ta isa ta jawo haka, wanki ne maganinta.

Sai maganar noti, wadda a ganina ita aka fi sakaci da ita. Gargadar hanyoyinmu na burji tana kwance noti kaɗan-kaɗan. Na taɓa shiga wata mota daga Ajingi, muna ta jin ƙwas-ƙwas a baya, direba ya ce salansa ce. Da muka matsa masa ya tsaya, sai ga notin tayar baya guda 2 suna juyawa da hannu. Mu 9 ne a ciki.

In an canza taya, a fara ɗaura noti da hannu, a sauke jak, sannan a matse da sifana. Kada a bi su a jere. A matse wannan, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, don wilin ya zauna daidai. Bayan tafiyar kilomita 50 a sake bin su. Kada a shafa musu giris, kada kuma a hau kan sifana a yi tsalle kamar yadda wasu yaran masu faci ke yi, domin ƙarfin da ya wuce kima yana cinye zaren noti ko ya karya ƙarfen. Sifana ma ta zama daidai bakinsa: Golf lamba 17 take ci, yawancin Toyota kuma 21. In kun ga tsatsa ta zubo daga gindin noti kamar hawaye, wannan notin yana motsi.

Aikin wannan mako: ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya, ban da direba, wanda zai riƙa bin notin taya, na batir da na salansa kowace Alhamis da yamma, kafin lodin Wudil. Ya sami ƙaramin littafi yana rubuta ranar da ya duba da abin da ya tarar.